Kwamfutar Kwali

A makon farko na shigarta aji ɗaya na babbar sakandare, cikin watan Satumban 2025, autar gidanmu ta dawo daga makaranta, ko takalmi ba ta cire ba ta miƙo mini wata takarda. Ta ce, "Yaya, an ce an canza manhaja, kuma da ajinmu za a fara. Wai kowa ya zaɓi sana'a ɗaya kafin ranar Litinin. Wacce zan ɗauka?"

Na karɓa na karanta. Sana'o'i shida ne a jere: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da wayar hannu, sai noman lambu da amfanin gona. Kafin in buɗe baki, Baba da ke kishingiɗe a kan tabarma yana sauraren rediyo ya yi dariya ya ce, "To Auta, ke ma kin shigo layi. Yanzu mun zama mu uku a gidan nan."

Ita ba ta gane abin da yake nufi ba, ni kuwa na gane. Ni da shi duk an taɓa fara sabon tsarin karatu a kanmu. Labarin da na ba ta a daren nan shi nake so in ba ku, ƙannena ɗalibai, domin da yawanku kuna riƙe da irin wannan takarda a yanzu.

Bari in fara da ita kanta manhajar, don na san akwai wanda zai gama sakandare bai taɓa ganin ta da idonsa ba. Manhaja kundi ce da ta tsara abin da za a koyar a kowane aji: darussa nawa ne, wane batu zai zo kafin wane, kuma me ake so ɗalibi ya iya idan an kammala. Hukumar da ke rubuta ta ita ce NERDC, mai kula da bincike da bunƙasa ilimi, wadda aka kafa a 1988, hedikwatarta kuma tana Sheda kusa da Abuja. Daga wannan kundi marubuta ke tsara littattafanku, malamai ke fitar da aikin kowane zango, masu shirya jarrabawar WAEC da NECO kuma su ɗebo tambayoyi. Ke nan nauyin jakar da ke bayanka, da abin da za ka tarar a ɗakin jarrabawa, duk daga can suka taso.

Baba yana cikin rukunin farko-farko na tsarin 6-3-3-4, wanda aka soma aiki da shi a 1982. Tushen tsarin shi ne babban taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969, inda aka koka cewa karatun da Turawan mulkin mallaka suka bar mana ya fi ƙarfi wajen samar da akawu, bai damu da aikin hannu ba. Daga nan aka fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa a 1977, aka raba sakandare gida biyu. Aka ce a shekara ukun farko kowane yaro zai taɓa aikin katako da na ƙarfe da na lantarki a wani darasi da ake kira Intirotek, ta yadda ko bai ci gaba da karatu ba zai fita da abin yi. Duk wanda ya ji wannan tsari ya san tunani ne mai kyau.

Baba ya ce ranar da babbar mota ta sauke akwatunan injina a makarantarsu, tafi suka yi ta yi har hannuwansu suka yi zafi. Sai dai makarantar ba ta da wutar lantarki, kuma babu malamin da ya san yadda ake haɗa injinan. Aka jibge su a wani ɗaki aka danna kwaɗo, aka ce a jira masana su zo. Har ya gama aji uku masana ba su zo ba. Wannan makaranta ita na shiga a 2008, kuma ɗakin yana nan yadda ya bar shi. Mukan leƙa ta wata taga da ta karye mu hango ƙarafa sun yi tsatsa, gara ta cinye akwatunan, jemagu sun mayar da wurin gidansu. Wasu cikinmu ma cewa suke ɗakin aljanu ne.

Shekarar da na shiga ita ce shekarar da aka fara aiki da sabuwar manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda ta biyo bayan shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999. Darussa sun yi mana yawa, har littattafan rubutuna ba sa shiga jaka ɗaya, sai in riƙo sauran a leda. Masu tsarin ma sun lura da haka, domin a 2014 an cure darussan wuri guda aka rage su daga kusan 20 zuwa 10. Amma kafin nan mu mun riga mun wuce.

Duk da yawan darussan nan, akwai wanda babu shi a jadawalinmu, wato Tarihi. An narkar da shi a cikin Nazarin Zamantakewa. Na gama ƙaramar sakandare ban san cewa Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda nake raka kawuna sayayya, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci ba, fiye da shekara 500 da suka wuce. A nan na gane cewa manhaja tana gina mutum da abin da ta saka, tana kuma barin rami a kansa da abin da ta cire.

A 2011 na shiga babbar sakandare, sai ga wata sabuwar manhajar, ita ma da ajinmu aka fara. Abokaina suka ce mu ne zakarun gwajin dafi. An wajabta Turanci da Lissafi da Ilimin Zama Ɗan Ƙasa, sannan kowa ya ɗauki sana'a ɗaya daga cikin sana'o'i fiye da 30. A takarda akwai walda, gyaran mota, rini, kiwon kifi, ɗaukar hoto, aikin famfo da sauransu. Ni gyaran lantarki nake so. Amma da muka je zaɓe sai muka tarar zaɓin ya riga mu ƙarewa, domin makarantarmu guda biyu kawai ta iya buɗewa: Kasuwanci da Sarrafa Bayanai a Kwamfuta. Daga baya na fahimci dalili. Su ne ake ganin za a iya koyarwa da alli da allo kawai. Na ɗauki kwamfuta, a makarantar da babu kwamfuta ko ɗaya, har a ofishin shugaban makaranta.

Malaminmu na Lissafi aka ɗora wa darasin, saboda an ji ya taɓa yin kwas na wata uku a wani shagon koyon kwamfuta. Mu tamanin da 'yan kai ne a ajin. Ranar farko ya zana akwati a allo ya ce wannan ita ce fuskar kwamfuta, ya zana wani ƙarami mai wutsiya ya ce wannan shi ne linzaminta, wanda ake kira maus. Muka kwafa. Muka haddace ma'anar kowane ɓangare da Turanci kamar karatun allo. Idan ka tashe ni tsakar dare a lokacin ka tambaye ni matakan adana rubutu a kwamfuta, zan jero maka su ba tuntuɓe, alhali ban taɓa adana ko harafi ɗaya ba.

Wata rana a zango na biyu Malam ya ce gobe kowa ya zo da kwalin taliya ko na sabulu. Muka zo da su muna dariya. Ya sa muka yanke su daidai tsawon kamu biyu, muka ja layuka da rula, muka rubuta haruffa a gidajensu kamar yadda suke a jikin madannan kwamfuta. Ya nuna mana inda kowane yatsa ke zama. Daga ranar, minti goma na farkon kowane darasi na bugun kwali ne. Ya faɗi kalma, mu buga. Wanda ya wuce ta bakin ajinmu zai ji ƙas-ƙas-ƙas kamar kaji na tsattsagar dawa a faranti. 'Yan sauran azuzuwa suka sa mana suna 'yan kwamfutar kwali, mu ma muna jin kunyar abin.

Sau ɗaya tak kwamfutar gaske ta shigo ajinmu. Malam ya aro ta tafi-da-gidanka daga wani abokinsa, ya ɗora a kan tebur, ya ce mu yi layi kowa ya zo ya buga sunansa. Ina cikin 'yan layin baya. Saura mutum shida a zo kaina batirin ya mutu. Har yau ina tuna yadda Malam ya tsaya yana kallon baƙar fuskar kwamfutar, sannan ya rufe ta a hankali ya ce, "Ku yi haƙuri, ku ɗauko kwalayenku."

A 2014 muka rubuta jarrabawar kammala sakandare, kuma na ci darasin da kiredit mai kyau. Baba ya yi ta nuna wa abokansa takardar yana cewa ɗansa ya san kwamfuta. Ni ma na yarda na sani.

Rashin kuɗi ya hana ni zana JAMB a wannan shekara, sai a 2015, wadda ita ce shekarar da aka mayar da jarrabawar gaba ɗaya ta kwamfuta. Ban damu ba, ai ina da kiredit. Aka shigar da mu wani babban ɗaki mai sanyi, aka zaunar da ni gaban abin da na shekara uku ina zanawa. Aka ce kowa ya shigar da lambar rajistarsa. Abin mamaki, yatsuna da kansu suka tafi inda lambobi da haruffan suke, ban ko duba ba. Yaron da ke gefena yana ta farautar harafi da yatsa ɗaya, ni na gama. A zuciyata na ce Allah ya saka wa Malam da alheri.

Sai aka zo kan linzami. Ba a koyon linzami a kwali. Na taɓa shi, 'yar kibiyar da ke fuskar kwamfutar ta ruga ta ɓace. Na ɗaga shi sama ina nuna fuskar da shi kamar rimot ɗin talabijin. Gumi ya jiƙe mini riga duk da sanyin ɗakin, agogo kuma yana ta ci a saman fuskar. Sai da wata mai sa ido ta lura, ta zo ta dafa hannuna ta mayar da shi kan tebur, ta ce, "Ƙanena, a ƙasa ake jan sa, sannu a hankali." Kafin hannuna ya saba, kusan minti ashirin sun tafi. Tambayoyin da na san amsarsu sarai na bar su ban kai kansu ba. Makin da na samu bai kai ni jami'a ba.

Na yi kwanaki ina jin haushin kowa. Da haushin ya huce, sai kawuna ya kai ni kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ya damƙa ni hannun wani mai gyara. A can na fara riƙe ƙarfen narka dalma, na ƙona yatsa, na lalata wayar da sai da na yi wata guda ina biya. Amma wani abu ya ba maigidana mamaki: duk abin da ya nuna mini sau ɗaya nake kamawa, domin na riga na san sunansa da aikinsa tun daga allon Malam. Sauran yaran shagon sun fi ni saurin hannu, amma idan matsala ta zo sabuwa, ni ake kira in karanta bayanin. Ashe karatun bai tafi a banza ba, rabinsa ne kawai aka ba ni. Daga baya na yi difloma a fannin kwamfuta, yau kuma ina da shagona a garinmu da yara uku da nake koya wa.

Da na haɗa labarina da na Baba, sai na ga manhaja kamar tukunya ce, ba ta zama sai a kan duwatsun murhu uku. Dutse na farko malami ne wanda aka horar a kan darasin. Na biyu kayan aiki. Na uku jarrabawar da za ta auna abin da hannu ya iya, ba abin da baki ya haddace kaɗai ba. A zamanin Baba an kawo kayan aiki babu malami. A zamanina an samu malami mai zuciya babu kayan aiki, jarrabawa kuma ta ba ni shaidar abin da ban iya ba. Kowane lokaci tukunyar sabuwa ce fil, amma tuwon bai nuna ba.

Dutsen farko ya fi sauran wuyar samu. Ku dubi Tarihi. Cire shi bai ɗauki lokaci ba, amma da gwamnati ta sanar da maido da shi a matsayin darasi mai zaman kansa a 2022, sai da ta haɗa da shirin horar da malamai, domin shekarun da aka yi babu darasin sun sa matasa da yawa sun daina karantar fannin don koyarwa. Injin ana sayo shi a mako guda. Malami kuwa sai an shekara uku ko huɗu ana dafa shi.

Sabuwar manhajar 2025 ta gyara wasu abubuwan da suka dame mu, kuma gaskiya ce a faɗa. An rage kaya: ɗan ƙaramar sakandare zai ɗauki darussa 12 zuwa 14, na babbar sakandare 8 zuwa 9. Tarihi ya zama dole daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Fasahar zamani ta kwamfuta ta shiga jerin darussan dole a babbar sakandare. Sana'o'in nan fiye da 30 an taƙaita su zuwa shida, kuma duk shidan abubuwa ne da ake neman masu yin su a kowane gari. Ku duba rufin gidajen unguwarku ku ƙirga farantan sola, za ku gane abin da nake nufi. Samar da malamai da kayan sana'a shida ya fi na talatin sauƙi. Amma tambayar da ta kayar da tsarin Baba, ta kayar da nawa, tana nan tana jiran wannan ma: wa zai koyar, kuma da me? Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan nauyi ne a wuyan hukumomi, kuma ya kamata iyayenmu su riƙa tuna musu.

Sai dai ku ba za ku iya dakatar da shekarunku ku jira a gama gyara ba. Wanda ke aji ɗaya yau, nan da shekara uku yana ɗakin jarrabawa, ko an kawo kayan aiki ko ba a kawo ba. Shi ya sa nake so ku yi abin da ni ban san ana yi ba.

Ku nemi sanin abin da manhaja ta yi muku alkawari. A farkon zango ku roƙi malami, cikin ladabi, ya ba ku jerin batutuwan da za a yi, ku rubuta a bangon littafi, kuna yi wa kowanne alama idan an kammala. Wanda zango ya ƙare ba a kai kansa ba, kun san bashi ne da za ku biya da kanku lokacin hutu. A gaban kowane batu kuma ku yi wa kanku tambaya biyu: na sani? Na iya? Da na yi wa kaina tambaya ta biyu a 2014, da na kai kuɗin tarata shagon intanet na yi awa biyu ina jan linzami, kuma da labarina ya canza.

Sannan ku tuna cewa duk darasin da ke cikin jadawalinku yana da gida a cikin gari. Ɗinki yana shagon tela da ɗakin maƙwabciyarku mai keke. Noman lambu yana fadama. Kiwo yana bayan gidanku. Sola tana hannun mutumin da ke hawa rufin masallacinku. Da izinin iyaye, yinin Asabar ɗaya a wurin irin waɗannan mutane zai buɗe muku abin da aka yi wata guda ana zanawa a allo. Kada girman kan boko ya hana ku durƙusawa gaban wanda bai yi aji ko ɗaya ba amma ya iya. Idan kuma Allah ya sa makarantarku tana da kayan aiki, ku riƙe su amana. Na sha ganin kwamfutocin makaranta da aka kawo mini gyara, ɗalibai ne da kansu suka ɓaɓɓalle madannansu.

Duk wannan na faɗa wa Auta, sannan na ce kada ta zaɓi komai sai ta je ta tambayo abu biyu a kan kowace sana'a: wa zai koyar, kuma ina kayan aikin? Ranar Juma'a ta dawo da amsa. Sola, wadda ita ce zuciyarta ta fi so, babu malami babu faranti. Ɗinki akwai malama da keke biyu, ɗaya ba ya aiki. Gyaran kwamfuta da waya akwai malami, babu ko sukurdireba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, to ai kai kana da sukurdireba."

Haka aka yi. Yanzu kowace Asabar da hantsi ina shimfiɗa tabarma a zauren gidanmu, in zube matattun wayoyi da wata tsohuwar kwamfuta da na haɗa daga tarkacen shago. Da ita kaɗai muka fara, yanzu su tara ne da ƙawayenta. Ba na barin kowacce ta tashi sai ta kunce ta mayar da hannunta. Sola kuwa ba ta haƙura ba, ta sa na yi mata alkawarin haɗa ta da abokina mai wannan sana'a idan an yi dogon hutu.

Kwanakin baya Malam ya zo shagona da wayarsa da ta daina caji. Ya yi ritaya, gemunsa ya yi fari. Na gyara, ya ciro kuɗi na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai kun riga kun biya tun 2011." Na ba shi labarin yadda kwalinsa ya cece ni a ɗakin jarrabawa, da yadda linzami ya kayar da ni. Ya yi murmushi ya ce, "Bari in faɗa maka abin da ban faɗa muku ba a lokacin. Duk abin da na koya muku da safe, a daren jiyansa nake karanta shi da fitilar ƙwai. Kullum ina tsoron kada wani ya yi mini tambayar da ke shafi na gaba."

Da ya tashi tafiya ya tsaya a bakin ƙofa, ya tambaye ni ko zauren namu zai ɗauki ƙarin mutum ɗaya, domin jikarsa ma ta shiga aji ɗaya a bana. Na ce ta zo ranar Asabar, kuma ba sai ta zo da kwali ba.